Tambaya da Amsa: Bambancin = da == a Rubutun Manhaja

Tambaya: Malam, ina koyon yaren C. Na rubuta if (maki = 50) domin manhajata ta ware waɗanda suka ci maki hamsin cif, amma kowane ɗalibi na shigar sai ta ce hamsin ya ci, kuma ba ta nuna kuskure ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, alama ɗaya kika rage. A yaren C, = guda umarni ne na zuba adadi a ma'aji, == kuwa tambaya ce ko abu biyu daidai suke. Layin da kika rubuta ya shafe makin kowa ya maye gurbinsa da 50, kuma da yake C yana ɗaukar duk adadin da ba sifili ba a matsayin gaskiya, sharaɗin kullum cika yake yi. Ƙa'idar yaren ta yarda da wannan rubutu, shi ya sa aka wuce da shi shiru.

Kada ki raina wannan tuntuɓe. A shekarar 2003 wani ya yi ƙoƙarin cusa wa Linux, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, layi biyu a ɓoye, inda ya rubuta current->uid = 0 a wurin da ido ke tsammanin ==, wanda da ya shige, da ya ba mai kutse cikakken iko a kan kwamfuta. An gano shi ne saboda canjin bai bi hanyar da aka saba shigar da gyara ba.

Babban magani shi ne ki riƙa sa -Wall duk lokacin da za ki harhaɗa aikinki da GCC, wato manhajar da ke mayar da rubutun C abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa, domin zai yi miki gargaɗi a kan irin wannan layi, kuma ki karanta gargaɗin kafin ki ci gaba. Sai dai in an ninka baka biyu a kan sharaɗin, kamar if ((maki = 50)), yana ɗauka da gangan aka yi, ya yi gum.

Wasu suna juya rubutun zuwa if (50 == maki), ta yadda in alama ɗaya ta faɗi aikin zai tsaya nan take, tunda ba a zuba komai a cikin 50. Dabarar tana aiki, ko da yake a ganina tana wahalar da mai karatu. Ki kuma lura da += da =+, domin jimla =+ 5 ba ƙari take yi ba, mayar da jimlar take yi 5.