Talotalo cikin rigar fulawa: amsar tambayarki kan hutun Disamba

Ƙanwata, saƙonki ya iso, dariyar da kika yi wa hoton nan nawa na bara ma ta iso. Wai Yaya ta zama Baturiya, har da gasa talotalo ranar Kirsimeti. Sai a ƙasa kika sauke murya kika faɗi abin da ke cin ki: kin samu gurbin digiri na biyu a nan Manchesta, za ki taho a Satumba in Allah Ya yarda, an kuma gaya miki makaranta na tafiya dogon hutu a Disamba, kuɗin jirgin komawa Kano kuwa ba ki da shi. To me Musulma za ta yi da kanta a wannan lokaci, me kuma za ta ci?

Zan fara da ranar kanta, don ni ba wanda ya gaya mini kafin in zo. Ranar 25 ga Disamba garin nan tsit yake yi kamar an yi shara. Tun 2004 doka ta hana manyan kantuna buɗewa ranar a Ingila. Jirgin ƙasa ba ya tashi, taragon cikin gari yana hutu, bas kuwa sai dai ki tsaya a tasha sanyi ya gama da ke. Ga rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, kina sallame la'asar magariba na leƙo ki. Shekarata ta farko a ɗakin kwanan ɗalibai na yi ta. Kowa ya tafi gidansu, daga ni sai wata 'yar Sin a can ƙarshen baranda. Na ci taliyar leda da ƙwai safe da dare, na kira Umma na ce mata lafiya lau nake, na ajiye waya na sha kukana. Ke ma ki shirya wa haka, tunda daga Janairun 2024 an daina barin yawancin ɗaliban digiri na biyu su taho da iyali. Maigida da 'yar taki suna Kano, ke kina nan.

Abin da ya sa mu Musulmin nan muke taruwa ranar ba wani boyayyen abu ba ne. Sallah a nan ba hutun gwamnati ba ce. Mutum ya yi idi da safe, ya cire babbar riga a mota ya wuce aiki. Ranar da yawancinmu ke samun hutu lokaci guda ita ce wannan, in ka cire masu aikin asibiti da gidajen kula da tsofaffi da aka sa musu aiki. Ba bishiya muke kafawa ba, ba wata ibada muke yi ba. Abinci ne da hira da jam'in magariba a falo. Akwai wasu iyali 'yan Jos, Kirista ne, Hausarsu ta fi ta yaran nan da aka haifa a nan, su kan aiko mana da shinkafa mu aika musu da namu, kamar yadda muka taso muna gani a gida.

Talotalo kuwa don shi ne ya cika gari a watan, har mahautan halal suna kawo shi. Amma kada ki yarda ki sayi guda sukutum. Na taɓa yi. Mai kilo shida in daskararre ne sai ya yi wajen kwana uku a firji kafin ya saki, don awa 10 zuwa 12 ake lissafa wa kowane kilo. Obin ɗin ɗalibai ba ya ɗaukarsa sai da dabara. Kafin cinya ta nuna ƙirji ya bushe, kina tauna shi kamar audugar matashin kai. Mako guda muna cin saura, har yara suka fara gudun kicin.

Wata tsohuwa maƙwabciyata, Baturiya, mijinta ya rasu, ita ta ga ina jan wancan ƙaton tsuntsu daga mota ta ce in daina wahalar da kaina. Ta koya mini abin da suke kira Welintin. Asalinsa da naman shanu ake yi, ana kuma cewa sunan janar ɗin nan da ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815 aka laƙaba masa. Ki ɗauke shi kamar mit-fai ne da ya girma ya isa mutum takwas: tsokar ƙirji guda, a shafe ta da haɗi, a naɗe cikin kullun fulawa, a gasa. Kullun ne ke tsare ruwan naman kada ya gudu.

Sai dai yadda su suke yi akwai tarko ga Musulmi, kusan a kowane mataki. Siraran yankan naman da suke naɗe tsokar da shi na alade ne. Niƙaƙƙen naman da suke cusawa a ciki shi ma yawanci na alade ne. Wasu suna tsiyaya giya a haɗin. Saboda haka wanda aka haɗa aka ajiye a kanti, ko ya yi miki kyau a ido, wuce shi. Naman ki je unguwar Cheetham Hill ko Longsight wurin mahautan halal, da yawa za ki ga takardar shaidar HMC, ƙungiyar da ke tantance naman halal, manne a ƙofa. Ki ce ƙirjin talotalo kike so, ba ƙashi ba fata, kamar kilo ɗaya da rabi, kuma ki yi odarsa tun farkon wata, don in kika bari sai ana jibi za a ce miki ya ƙare. Kullun ba sai kin kwaɓa ba, ana sayar da shi a naɗe a firjin kanti, a jikin kwalin za ki ga an rubuta puff pastry. Ki juya bayansa ki karanta. In kin ga kalmar lard, kitsen alade ke nan. Wasu kuma ana ɗiga musu barasa don kada su lalace da wuri. Na man shanu zalla ya fi daɗi, ya fi tsada kaɗan. Ki ɗauki biyu.

Tun daren 24 nake tsaga tsokar ta buɗe kamar littafi, in murtsuke ta da gishiri, tafarnuwa, citta, masoro da cokali biyu na yajin tsire, in rufe ta kwana a firji. Wannan yajin shi ne bambancin nawa da na maƙwabciyata, wadda in ta ɗanɗana sai ta nemi ruwa, amma ba ta taɓa barin saura a faranti ba.

Haɗin ciki shi ne inda aikin yake. Laimar kwaɗi ake yi da ita. Na san kin yamutsa fuska, mu a gida ko kallonta ba ma yi, amma ta nan nomanta ake yi, kuma in ta soyu ƙamshin nama take yi. Rabin kilo, ki daddatsa ta ƙanana sosai, ki zuba a kasko da ɗan mai da albasa biyu. Za ki ga ruwa ya taso kamar kin ɗora miya. Kada ki sauke. Ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ƙurmus, ta yi duhu, ta fara kama kasko, abin da kan ci minti ashirin ko fiye. Sannan ki sa alayyahon da kika yi wa ruwan zafi kika matse shi da hannu iya ƙarfinki, attaruhu ɗaya, da ɗan garin busasshen burodi. Ki baza a tire ya huce sarai.

A nan na faɗi karon farko. Baƙi sun kusa, na ƙosa, na sauke haɗin da sauran ruwa, na naɗe shi da zafinsa. Man da ke cikin kullun ya narke tun kafin ya shiga obin. Sama ya yi ja gwanin sha'awa, da na sa wuƙa sai ƙasan ya zube kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Man da ya tsiyaya ya ƙone, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, ga ni a kan kujera ina yi mata fifita da mayafi baƙi na sallama. Da cokali muka ci shi.

Maimakon naman aladen nan nasu, siraran fanke huɗu nake soyawa, fulawa da ƙwai da madara kawai, sirara kamar fallen sambusa. Su ne ke shanye ruwan da nama zai fitar. Da safe ki zuba kashi ɗaya cikin uku na haɗin a tsakiyar tsokar, ki nannaɗe ta ta zama kamar gungume, ki ɗan soya bayanta a kasko mai zafi ta yi launi, ki bari ta huce. Ki shimfiɗa kullu ɗaya, fanke a kai, sauran haɗin a kan fanken, tsoka a tsakiya. Ki lulluɓe da fanken, ki rufa ɗaya kullun a sama, ki shafa ƙwai a bakin ki danne da cokali mai yatsu kamar dai mit-fai. Ki shafe saman da ƙwai, ki huda wuri biyu ko uku don tururi ya samu hanya, ki mayar firji rabin awa.

Ki kunna obin a digiri 200 na Salshiyas, ki sa tiren gashin a ciki ya yi zafi tukuna, don kullun ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ƙasansa ya kama. Bayan minti 25 ki rage zuwa 180, ki ba shi kamar awa guda. In saman ya fara duhu da yawa ki yafa masa takardar foyil. Kyan bayansa ba shaida ba ne, talotalo ba a cin sa da jini-jini irin naman shanu. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada, ki soka har tsakiya, sai kin ga 75 za ki fitar. Sannan ki ƙyale shi minti ashirin, ko yara na zagaye ki, ki yanka da wuƙar burodi.

Turawa da wani jan miya mai zaƙi da tsami suke cin sa. Ni zoɓo nake dafawa da sukari da citta da kanumfari har ya yi kauri. Zoɓon ba wuyar samu, 'yan Jamaika ma shi suke sha a Kirsimeti, a shagunansu za ki ji suna ce masa sorel. Kuma ki dafa shinkafa dafa-duka tukunya guda. Mazanmu za su yaba talotalon, su ci yanka biyu, sannan su tambaya ina abincin.

Maganar kuɗi, karo-karo muke yi, wani nama, wata kullu, wani lemo, ɗalibi kuwa hannunsa kawai muke so. Bizarki ta ba ki damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, a hutu kuma cikakken aiki, saboda haka za ki ga abokan karatunki suna kwasar aiki a makon. Ki yi naki, amma in da hali ki bar ranar 25 a sake.

In za ki taho ki cusa mini yajin ƙuli da daddawa da kuka a akwati. Kilishi da man shanu kada ki fara, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Ranar 24 kuma ki zo da kayan kwananki tun da rana, don washegari ba motar da za ta kawo ki. Daddatsa laimar kwaɗin aikinki ne.