Digirin Jinya Ko Kwalejin Jinya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Jahun, na kammala sakandare, burina kuma shi ne digirin jinya, amma Baba ya ce shekara 5 ta yi yawa, gara in nemi kwalejin jinya ta Birnin Kudu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Baba yana da hujja, domin digirin jinya irin na Jami'ar Bayero shekara 5 ne cif, bayansa ga shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Shiga ma sai da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tare da maki mai tsoka a JAMB, saboda masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Za ki fara da darussan kimiyya, ki wuce sanin sassan jikin ɗan Adam da magunguna, daga nan sai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda za ki riƙa gyara gadon majinyaci, kina auna hawan jini, kina wanke ciwo, wani lokacin asuba ta riske ki kina duba ledar ƙarin ruwa. Duk wadda farin kaya kaɗai ya ja hankalinta, a nan take karaya. Tilas ne kuma ki ci jarrabawar hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, domin ita ke ba da lasisin aiki, ba jami'a ba.

Amfanin digiri shi ne faɗin hanya: ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata, sashen masu taɓin hankali, kiwon lafiyar al'umma, shugabancin ma'aikata, ko digiri na biyu da koyarwa. Wasu suna tafiya Saudiyya ko Ingila, ko da yake ni na fi son ganin irinku a ɗakin awo na asibitocinmu, inda matar karkara ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta.

Shawarata ita ce ki tambayi Baba cikin ladabi ko shekarun ne damuwarsa, ko kuɗin makaranta da na masauki a Kano. Idan kuɗi ne, ki bi maganarsa ba tare da ɓacin rai ba, domin wadda ta sami lasisi daga kwaleji tana iya kama aiki, daga baya ta cike fom ɗin shiga jami'a kai tsaye, ba sai ta koma aji ɗaya ba.