Hukuncin Wanda Son Aiki Ya Hana Shi Zama da Iyalinsa

Tambaya: Malam, ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Ringim. Allah Ya ɗora min son aikina. Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, sai bayan isha'i nake komawa gida, har abin ya zame min jiki ko da rani. Maiɗakina tana kuka da ni, alhali ci da sha da sutura ban rage su da komai ba. Ina kuma yi wa na ƙasa da ni tsawa in na ga sakaci. Akwai laifi a kaina?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka. Lokutan da ake biyanka albashi a kansu amana ce, cika su wajibi ne. Haka in an kawo mai naƙuda ko wanda maciji ya sara da tsakar dare, babu wani sai kai. Ceton rai yana gaba, iyali su yi haƙuri.

Abin da ya wuce wannan nafila ne, nafila kuwa ba ta ture wajibi. Ciyarwa ba ita kaɗai ce haƙƙin mace ba, Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da su da kyautatawa. Bukhari ya ruwaito cewa Salman ya tarar da Ummud Darda'i ba ta kula da kanta, saboda mijinta Abud Darda'i ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Salman ya ce wa Abud Darda'i: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka ma haka, iyalinka ma haka. Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. To, in sallar dare ba ta zama uzuri ba, ina ga zaman asibiti bayan an tashi? In matarka tana cutuwa, ka sani, ka ci gaba, kana da laifi.

Tsawar ma ka bari. Gyara sakaci aikinka ne, tunda rayukan mutane ne, amma kunyata ma'aikaci a gaban marasa lafiya bai halatta ba. Kira shi gefe. In ya ƙi ji, ka kai rahotonsa ga na sama. Ku raba kwanan aiki a tsakaninku, ranar da ba taka ba ka ci tuwon dare da 'ya'yanka.

Wallahu a'alam.