Rufin tamfol ko na ƙarfe mai naɗewa: amsa ga ƙanenmu na wajen Ringim

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce za ka sayi buɗaɗɗiyar mota 'yar Kwatano, amma ka rasa wadda za ka ɗauka, mai rufin tamfol ko mai rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but. Ni mai wayarin ɗin mota ne, duka biyun sun sha zuwa hannuna, kuma tamfol zan ce maka, muddin kana da rumfar da za ka riƙa ajiye ta.

Ba raina rufin ƙarfe nake ba. In ya rufu ba ka jin iska, sanyin iyakwandishan yana zama, ɓarawo kuma ba ya farke shi da reza. Mercedes SLK ta 1996 ce ta sa ya yi tashe, sai Peugeot 206 CC ta kawo shi ga masu ƙaramin ƙarfi a 2000.

Sai dai ka san abin da ke ɗaga shi. Akwai famfo mai tura man haidrolik, da silinda, da siraran tiyo, da ƙananan sensa masu shaida wa kwamfutar motar cewa wannan sashen ya zauna, na gaba ya tashi. Ɗaya ta ƙi, shi ke nan, rufin ya tsaya cak. An taɓa kawo min wata ana dab da ɗaukar amarya, rufinta ya maƙale rabi a sama, ga hadari ya haɗo. Ƙura ce kawai ta haɗu da giris ta toshe sensa guda, amma sai da muka wuni muna nemanta. To ƙurar hunturunmu ba ta jin magana, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kuwa busar da robobin haɗin yake. Ƙara da hanyar burji. Motar da ba ta da kafaffen rufi jikinta na ɗan murɗawa a gargada, a hankali sassan rufin su daina haɗuwa daidai, damina na zuwa ruwa ya sami hanya. Ga shi in ya naɗe ya cinye but, ko rabin buhun gero da ƙyar.

Tamfol ma yana da nasa. Rana na cin launinsa da zarensa, awaki na son hawa, ɓera na ɓarna in ta daɗe a ajiye. In tagar bayan ta roba ce za ta yi ja ta dushe, don haka nemi mai gilashi. Amma duk wannan, mai ɗinkin kujerun mota a Kano zai iya yi maka faci ko ya sake ɗinki. A cikin masu tamfol, Mazda MX-5, wadda ta fito tun 1989, da hannu ake jan rufinta. Toyota Solara kuwa injin Camry ne a cikinta, kayansa ba sa wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma ni ita zan fara dubawa. Hatta masu ƙerawar sun dawo: BMW Z4 ta 2009 ƙarfe ce, ta 2018 tamfol, haka Mercedes SL ta koma tamfol a 2021, saboda ya fi rashin nauyi kuma ba ya cin wuri.

Kowacce ka zaɓa, don Allah kada ka biya sai an buɗe an rufe a gabanka sau da yawa, inji na aiki. Ka sa a kwara mata ruwa bokiti guda, ka shafa gefen tagogi, ka ɗaga kafet ka sansana ko akwai warin danshi. Duba cikin but ko mai na tsiyaya kusa da famfon. Ka kuma sa dillalin ya nuna maka yadda ake rufe ta da hannu in batir ya mutu. Sannan ka leƙa ƙarƙashinta, domin yawancinsu a ƙasa suke sosai, ka auna da hanyar garinku a watan Agusta.