Kafin ka tura musu waƙoƙin

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce makarantar koyon aikin sauti da kake nema a nan Ingila ta buƙaci samfurin aikinka, kana tambaya ko abin da ka turo mini ya isa. Waƙoƙin sun isa, musamman mai kalangun nan. Fayilolin ne da sauran gyara.

Biyu daga ciki MP3 ne mai kilobit 128 a daƙiƙa. Shi MP3 zubar da wani ɓangare na sautin yake yi don fayil ya yi ƙanƙanta, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. A lasifikar Keke Napep daga Pantami zuwa Jekadafari ba wanda zai lura, amma malamin da zai tantance ka da abin kunne mai kyau zai saurara. Na ukun kuwa .flp ka turo, wato fayil ɗin aikin FL Studio, manhajar da kake haɗa kiɗa da ita. Babu waƙa a cikinsa, tsarin inda ka ajiye kowane kiɗa ne kawai, kamar ka miƙa wa baƙo takardar cefane ka ce bisimilla.

Ka koma kan kwamfutar. Ka tabbata maɓallin sama yana kan SONG, ba PAT ba, in ba haka ba guntun kiɗa ɗaya zai fito maka. Ka fitar da WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a zubar da komai daga cikinsa ba. In makarantar ta faɗi ma'aunin da take so, bi nata. In ba ta faɗa ba, sa kilohaz 44.1 da bit 24, sai in waƙar fim ce ka sa 48. Wajen wutsiyar waƙa ka zaɓi a bar ragowar sauti ya mutu da kansa, don amon muryar mai amshi a ƙarshe yankewa yake yi ɗif. Minti ɗaya zai ci kusan megabait 15, saboda haka ka ɗora a Google Drive da dare, ka tura musu mahaɗin.

Babbar matsalar ƙara ce. Mu a gida mun saba auna furodusa da yadda waƙarsa ke girgiza wajen biki, shi ya sa kowa ke tura sauti har ya haura sifili a ma'aunin ƙara, jan gargaɗi ya kunno, ganga ta fara karcewa. Kalangu kuwa daɗinsa na cikin hawa da sauka, yadda makaɗi ke matse tsarkiya ya saki. Na ji ka danne shi da limita, abin da ke hana sauti wuce iyaka, har ya zama shafe, murya da bas da kalangu duk tsayinsu ɗaya. Kuma ba ribar komai, tunda Spotify kan daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan LUFS 14 ƙasa da sifili (LUFS ma'aunin ƙarar waƙa ne), wadda ta yi ihu a rage ta. Ka sassauta, kololuwar sautin kada ta wuce desibel 1 ƙasa da sifili. Bayan ka fitar, ka saurari fayil ɗin kansa daga farko har ƙarshe, a waya da kuma cikin mota.

Sannan kowace waƙa ka fitar da layukanta ɗaya bayan ɗaya: murya daban, amshi daban, kalangu daban, duka su fara daga daƙiƙa guda. Sitidiyoyin nan da yawa Pro Tools ko Logic Pro suke amfani da su, ba sa buɗe .flp, WAV kuwa ko'ina yana shiga. Na san kuma manhajar da ke kwamfutarka ta bayan fage ce. A kwamfutocin makaranta ba za ka sami kayan kiɗan da ke cikinta ba. Ka adana kwafi biyu, ɗaya a had dis, ɗaya a intanet.

Maganar da ka yi cewa za ka riƙa sayar da kiɗa kana biyan kuɗin makaranta, cire ta daga lissafi. Bizar ɗalibi a nan awa 20 ta yarda ɗalibin digiri ya yi aiki a mako lokacin karatu, ta hana sana'ar ƙashin kai, ta kuma hana aikin mawaƙi na kuɗi. Kada Baffa ya taɓa filin Tumfure sai takardar gurbin karatu ta zo, mun zauna mun yi lissafin haya da abinci. Ka turo mini sababbin fayilolin in saurara kafin su wuce. A gaishe da Inna.