Fim ɗin fatalwa da daren Halowin: amsa ga mai shagon caji

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Ina da shagon cajin waya, ina kuma tura wa mutane fina-finai a memori. Ni da abokaina ba abin da muke so kamar fim ɗin ban tsoro, na Amurka da na Indiya mai fassara. Bayan isha'i mukan tayar da janareta mu yi ta kallo har dare ya raba. Wasu na aljanu ne, wasu na fatalwa, wasu kuma tsoro ne haɗe da barkwanci. Yanzu abokaina sun ce mu ware daren 31 ga Oktoba mu kwana kallon waɗanda aka shirya don bikin Halowin, kowa ya zo da shigar dodo. Bara ma ɗayanmu ya lulluɓa da farin yadi kamar likkafani ya tare ƙanena a hanyar maƙabarta, yaron ya kwana uku yana zazzaɓi. Mene ne hukuncin kallon, da na daren, da na kuɗin da nake samu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abu uku ka tambaya, amma da na huɗun zan fara, wanda ka ambata a wuce, wato ƙanenka. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya tare da Annabi (SAW), ɗayansu ya yi barci, wani ya lallaɓa ya ɗauke masa igiyarsa, mutumin ya firgita. Sai Annabi (SAW) ya ce: "Bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba." Igiya fa! To ina ga likkafani a hanyar maƙabarta, ga yaron da bai gama sanin damansa da hagunsa ba? Wannan haramun ne babu ja, kuma "ai wasa ne" ba ta wanke shi, don wanda ya ɗauke igiyar ma wasa yake yi. Abokinka ya tuba, ya nemi yafiyar yaron da iyayenku, in an sayi magani ya biya.

Shi kuwa kallon, babu aya ko hadisi da ya kira sunan fim, kuma asalin al'amuran duniya halasci ne har sai an sami abin da ya hana. Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasan masu a masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Labarin ban tsoro ma ba baƙonmu ba ne. Wanene a cikinmu kakarsa ba ta tsorata shi da Dodo ba a tsakar gida? Sai dai tsohuwa in ta gama takan ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya", ta kwance da bakinta abin da ta ƙulla. Saboda haka ni ba tsoron ne ya dame ni ba. Annabi Musa ma ya ji tsoro a ransa da ya ga igiyoyin matsafan Fir'auna kamar suna tafiya. Abin da nake dubawa shi ne karatun da fim ɗin yake yi muku a kan gaibu, babin da ba a ɗaukar sa sai daga wahayi.

Ɗauki fatalwa. Kusan duk ginin labarin ɗaya ne: an kashe wani bisa zalunci, ruhinsa ya ƙi tafiya, yana bin gida gida sai ya ɗauki fansa. Wannan tsohon camfi ne da sunansa. Larabawan jahiliyya suna cewa wanda aka kashe ba a rama masa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya, da suke kira hama, yakan fito daga gare shi yana kuka "ku shayar da ni" har sai an zubar da jinin makashinsa. Annabi (SAW) ya ce babu hama, Buhari da Muslim suka ruwaito. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, mamaci yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a, akwai shamaki a gabansu har ranar tashi. Wanda ya shiga kabari ba ya dawowa ya tare hanya.

Aljanu kuwa akwai su, da sura guda da sunansu, wanda ya musa su ya musa Alƙur'ani. Amma aljanin fim ba shi ne na Alƙur'ani ba. Na fim ya san abin da ke ranka, ya san gobe, yana kashe wanda ya ga dama. Na Alƙur'ani kuwa ya yi ta wahalar bauta a gaban Annabi Sulaiman alhali ya riga ya rasu, bai sani ba sai da gara ta cinye sandar da ya dogara da ita. Allah ya ce makircin Shaiɗan mai rauni ne. A aya ta 6 ta Suratul Jinn an ba da labarin mutanen da in suka sauka a kwari sai su nemi tsarin shugaban aljanun wurin, abin bai ƙara wa aljanun komai ba sai girman kai, su kuma sai ƙarin firgici. Sa'an nan duba wa yake ceton mutane a ƙarshen fim: boka, ko mai gicciye, ko mai yi wa gunki hidima.

Za ku ce ai kun san ƙarya ne. To, bayan an kashe janareta, mutum nawa a cikinku yake iya bi ta gindin tsamiya shi kaɗai ba gabansa ya faɗi ba? Kuma ba a Amurka kuke ba, inda mai kallo zai tashi ya manta. Kuna ƙasar da tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai suke fama da masu yanka wa itatuwa da duwatsu, inda har gobe yaro in ya yi zazzaɓin sauro sai a ce wata tsohuwa ce ta kama kurwarsa. Na sha zama sulhu a kan irin wannan ƙazafi na maita, ban ga wanda ya ƙare lafiya ba. Ƙasar da ta jiƙe haka, iri kaɗan take bukata.

Na barkwancin da kuke ganin ya fi sauƙi, wani lokaci shi ya fi nauyi. A duba wa ake yi wa dariya. In matsoraci ne mai cika baki, ko bokan ƙarya da asirinsa ya tonu, da sauƙi. Amma in malami ne yake ruƙiyya aljani ya kore shi har hula ta faɗi, ko mai fassara ya cusa ta'awwuzi da Ayatul Kursiyyu a bakin mai sujada ga gunki don a ƙyalƙyale, ko aka mai da gawa da mala'ikan mutuwa abin wasa, to karanta aya ta 65 da ta 66 a Suratut Tauba. Waɗanda aka saukar da ita a kansu ma cewa suka yi hira ce kawai da wasa. Irin wannan a kashe shi nan take.

Daren 31 ga Oktoba kuwa ban halatta muku shi ba. Halowin jajibirin idin waliyyan Kirista ne na 1 ga Nuwamba, kuma ya haɗu da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sikotilan, da suke ganin a daren ne ruhohin matattu ke kusantar masu rai. 'Yan ci-rani ne suka kai shi Amurka, can ya zama kasuwar alewa, kayan dodo da fina-finai. Da Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar suna da kwana biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, babbar salla da ƙarama. Fim ɗin da labarinsa ya faɗo a lokacin Halowin ko Kirsimeti, in ka kalle shi wata rana daban, abin da ke cikinsa ake auna wa. Amma ware daren, da shigar, da taruwa dominsa, wannan raya bikin ne ko da ba ku kira shi biki ba. Kada wani ya kawo mini tashe. Tashe wasan yara ne cikin azumi, ba a gina shi a kan dawowar matattu ba.

Kuɗinka yana bin kayanka. Na caji halal ne. Fim ɗin da tsoronsa na dabba ne, ko ɓacewa a daji, ko mugun mutum, babu tsiraici, babu koyar da tsafi, babu izgili ga addini, ban ce haramun ne ga baligi ba, ko da yake barinsa ya fi, kuma in ya ci maka sallar asuba ya zama laifi ta wannan ƙofar. Wanda ya ƙunshi ɗaya daga cikin abubuwan can, kallonsa da tura shi da kuɗinsa duk ba su halatta ba. Ibn Abi Zaid, mai littafin fiƙihun nan Risala, ya ce bai halatta ka yi gangancin sauraren ɓata ba, to balle ka sayar da ita. Ka zauna ka tace kwamfutarka, kuma ko mai sauƙin kada ka tura wa yaro.

Shi kuma ƙanenka, ka koya masa Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya. Ka kira abokin nan ya zo da yadin da rana tsaka, ya lulluɓa a gaban yaron ya kuma yaye, ya ga da idonsa wanda ya tare shi.

Wallahu a'alam.