Hukuncin Kallon Fim Ɗin Makircin Masu Sarautar Faransa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin Faransanci ne a jami'a. An ba mu nazarin littafin labari na 1782 na marubucin Faransa Laclos, abokaina kuma suna cewa in kalli fim ɗin Dangerous Liaisons da aka gina a kansa a 1988, tunda a ƙarshe maƙetatan sun ga sakayya. Shin ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka tsoronsa. Labarin ya ginu ne a kan Merteuil da Valmont, masu sarauta biyu da suka mayar da lalata tarbiyyar mata abin gasa, har Valmont ya ɗaura ɗamarar raba Tourvel, matar aure mai kamun kai, da mutuncinta. Wannan aiki shi ne Annabi (SAW) ya ce wanda ya ɓata mace ga mijinta ba ya cikinmu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito.

Ba da labarin saɓo ba haramun ba ne a kan kansa, domin Suratu Yusuf ta kawo makircin matar Aziz, amma ta kawo shi cikin sutura, ba tare da ta motsa sha'awar mai karatu ba. Saboda haka nazarin littafin don karatunka ya halatta, muddin ka amince wa zuciyarka, kuma za ka fahimci ruɓewar da ta ci masu mulkin Faransa shekara 7 kafin juyin juya halin 1789.

Kallon fim ɗin kuwa bai halatta ba, saboda akwai tsiraici da fitowar shimfiɗa a cikinsa, alhali Allah ya umurci muminai da runtse ido a aya ta 30 ta Suratun Nur, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa zinar ido ita ce kallo. Hujjar abokanka ba ta tsaya ba. Gaskiya ne an kashe Valmont, Merteuil kuma ta tozarta, sai dai kafin mai kallo ya kai wannan wurin ya shafe kusan awa 2 yana ganin yaudara cikin ado, ana koya masa dabarunta dalla-dalla, kuma ƙa'idar malamai ita ce kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Amfanin ma kaɗan ne gare ka, tunda da Turanci aka yi fim ɗin.

Idan malaminku ya wajabta kallonsa, ka nemi ya musanya maka da wani aiki. In ya ƙi, ka tsallake wuraren batsa, ka tsaya a iyakar buƙata. Allah ne mafi sani.